Hannun da Ke Karɓa: Tallafin Korona ga Manoman Madara a Amurka da Ma'aunin Tsantseni

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da ke azurta bayinsa ta inda suka zata da ta inda ba su zata ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, ga wata tambaya da nake so mu duba tare. Idan masifa ta sauka, hukuma ta buɗe baitulmali ta ce duk wanda ya cika sharuɗɗa kaza ya zo ya karɓi tallafi, kai kuma ka cika sharuɗɗan, shin magana ta ƙare ke nan? Ko kuwa akwai sauran awo tsakaninka da Ubangijinka bayan ma'aikaci ya buga hatimi? Zan ɗauko misalin daga nesa, domin gwano ba ya jin warin jikinsa, mutum ya fi gane al'amari idan ya gan shi a gidan wani.

A tsakiyar jihar Wiskonsin ta ƙasar Amurka akwai wata gundumar karkara mai suna Kilak, babban garinta Nilsbil. Gunduma ce ta manoma masu kiwon shanun tatsa, tana kan gaba a jihar wajen yawan gonakin madara, kuma da yawansu ƙananan gonaki ne da magidanci ke riƙewa shi da iyalinsa. Mafi yawan madarar jihar cuku ake yi da ita. Tun kafin annoba waɗannan manoma suna cikin ƙunci, domin sun yi shekaru farashi yana ƙasa, har a shekarar 2019 kaɗai gonakin madara sama da 800 suka rufe a jihar.

Sai korona ta zo. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu da gidajen cin abinci da masaukin baƙi, waɗanda su ne manyan masu sayen cuku da man shanu da madara. Masana'antun da suka saba ɗaura kaya a manyan ƙunshi saboda waɗannan wurare ba su iya juyawa nan take su koma ƙananan ƙunshi na masu cefanen gida ba. Ita kuwa saniya ba ta san dokar kulle ba: dole a tatse ta safe da yamma, madara kuma ba ta jiran kasuwa. Aka wayi gari ana gaya wa wasu manoma a jihar su zubar da abin da suka tatsa. Babbar ƙungiyar haɗin gwiwar manoman madara ta ƙasar ta ƙiyasta cewa a watan Afrilu ana zubar da kusan lita miliyan 14 a kowace rana a faɗin Amurka, a daidai lokacin da waɗanda suka rasa aiki ke jerin gwano a wuraren rabon cimaka. Farashin madarar cuku, wanda ake lissafawa a kan kowane awo mai nauyin kilo 45, ya faɗo daga dala 17 a watan Janairu zuwa dala 12 da ƴan kai a watan Mayu. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba.

Ranar 17 ga Afrilu 2020 gwamnatin shugaba Donald Trump ta sanar da shirin tallafi mai suna CFAP, na dala biliyan 19: biliyan 16 a biya manoma kai tsaye, biliyan 3 a sayi amfanin gona a raba wa mabuƙata. Aka fara karɓar takardun nema ranar 26 ga Mayu ta ofisoshin ma'aikatar noma da ke gundumomi. Saboda annoba, yawancin aikin ta waya da intanet aka yi shi. Manomi ne da kansa ke rubuta yawan abin da ya samar, ya sa hannu a kan cewa gaskiya ya faɗa, ya adana shaidarsa ko da bincike zai biyo baya. Mai madara yana samun kimanin dala 6.20 a kan kowane awo da ya tatsa a watanni uku na farkon shekara. An sa iyaka: mutum ɗaya ba zai wuce dala 250,000 ba, amma kamfanin da ke da masu hannun jari uku da ke aiki a gonar yana iya kaiwa 750,000.

Mu yi ɗan lissafi. Saniyar can tana ba da wajen lita 30 a rana. Mai shanu 60 zai tashi da kimanin dala 22,000, wato wajen miliyan 13 na sefa a canjin lokacin. Mai shanu 600 zai tashi da ninkin haka sau goma. Ma'aunin dai yawan madara ne, ba tsananin buƙata ba. Mai garke babba shi ke samun rabo babba, ko da kuwa ƙaramin ne ke bakin rasa gonarsa.

Kada mu yi gaggawar kiran wannan zalunci. Mai babban garke zai ce asararsa ta fi yawa, bashin banki a kansa ya fi nauyi, kuma gidaje da yawa ke ci daga albashin da yake biya. Maganarsa tana da fuska. Ko manyan sahabbai sun saɓa a kan ma'aunin rabo: Sayyidina Abubakar ya daidaita mutane a rabon baitulmali, Sayyidina Umar kuwa ya fifita wasu bisa rigayensu a Musulunci da kusancinsu ga Manzon Allah (SAW). Kowane ma'auni na hukuma ijtihadi ne na ɗan Adam. Hukuma takarda take gani, ba ta ganin tukunyar gida, balle abin da ke cikin ƙirji. Saboda haka duk yadda aka gyara doka sai an bar wani fili da babu mai tsaronsa sai zuciyar mai karɓa. A wannan filin tambayarmu take.

Ga kuma abin da ya ƙara wa tambayar nauyi. Kafin kuɗin su gama isa hannun mutane, kasuwa ta juya. Gidajen abinci sun fara buɗewa, gwamnati kuma ta shiga sayen cuku don rabawa, sai farashin madarar cuku ya haura dala 21 a watan Yuni, ya wuce dala 24 a watan Yuli, fiye da yadda yake kafin annoba. Gaskiya ne ba kowane manomi wannan hauhawa ta isa aljihunsa gaba ɗaya ba. Amma a watan Satumba an sake buɗe zagaye na biyu na tallafin, na kusan dala biliyan 14, mai madara yana samun dala 1.20 a kowane awo. A ƙarshen shekara jimillar abin da gwamnati ta biya manoman ƙasar kai tsaye, ta shirye-shirye daban-daban, ya wuce dala biliyan 45, adadin da ba a taɓa kaiwa ba. Ke nan a cikin masu karɓa akwai wanda kuɗin ya ceci gonarsa, akwai kuma wanda asararsa ta riga ta warke, tallafin ya zame masa riba a kan riba. Dukansu biyu doka ta yarje musu, takardarsu iri ɗaya ce.

A wannan gunduma ta Kilak kuma akwai wasu manoma da suka daɗe da zaɓar wata hanya dabam. Su ne mutanen Amish, wata ɗariƙar Kirista da ta samo asali a yankin Suwizalan a 1693. Da keken doki suke tafiya, ba sa jawo wutar lantarki ta layi zuwa gidajensu, kuma a al'adarsu mafi yawansu suna ƙaurace wa tallafin gwamnati. Tun 1965 majalisar dokokin Amurka ta yarje wa masu zaman kansu daga cikinsu su fita daga tsarin fansho na ƙasa, saboda sun ce kula da tsofaffinsu nauyi ne a kansu. Idan gobara ta cinye rumbun ɗayansu, gayya suke yi su tayar masa da wani. Idan rashin lafiya ta kama shi, jama'arsa ke haɗa kuɗin magani.

Wanda ya taso yana jin labarin masu zuhudu, zuciyarsa za ta fara karkata ga waɗannan. Zai ce ai wannan shi ne tawakkali, shi ne kamun kai, mai karɓa kuwa ya gaza. Amma mu tsaya mu auna da sahabbai biyu da al'amarinsu ya zo a ingantattun ruwayoyi.

Na farko Sayyidina Umar. Manzon Allah (SAW) ya kasance yana ba shi rabo, shi kuma yana neman a ba wanda ya fi shi buƙata. Sai Annabi ya umarce shi da ya karɓa, ya mallake shi ko ya yi sadaka da shi, ya kuma shimfiɗa masa ƙa'ida: dukiyar da ta zo wa mutum ba tare da ya roƙa ko ya ɗaga wuya yana hangenta ba, ya karɓa, wadda ba ta zo ba, kada ya bar ransa ya bi ta. Na biyu Sayyidina Hakimu ɗan Hizamu. Ya nemi Annabi ya ba shi har sau uku, ana ba shi, sannan Annabi ya nuna masa cewa dukiya abu ne mai ɗaukar ido mai zaƙi, albarkarta tana ga wanda ya karɓa da wadatar zuci, wanda kuwa ya karɓa da kwaɗayi kamar mai ci ne ba ya ƙoshi. Daga ranar Hakimu ya yi alkawarin ba zai sake karɓar komai daga kowa ba. Abubakar ya kira shi ga rabonsa ya ƙi, Umar ya kira shi ya ƙi, har Umar ya sa Musulmi shaida cewa ya miƙa masa haƙƙinsa.

Ku duba, ƴan'uwa: malami ɗaya, almajirai biyu, ɗaya aka ce ya karɓa, ɗaya ya bari aka bar shi a kan barinsa. Da falala tana cikin ƙin karɓa ita kaɗai, da ba a umarci Umar ba. Da karɓar haƙƙi dole ce a kowane hali, da ba a ƙyale Hakimu ba. Kowannensu an ba shi maganin da ya dace da shi. Hakimu ya ga alamar kwaɗayi a ransa sai ya yanke masa hanya. Umar ba shi da wannan damuwa, sai aka koya masa ya zama magudanar da alheri ke bi ya isa ga wasu.

Da wannan ma'auni, ƙaramin manomin Kilak da ya cike takarda domin kada gonar kakanninsa ta shiga hannun banki bai saɓa wa tawakkali ba. Rubuta suna a jerin da hukuma ta buɗe ba bara ba ne. Umar da kansa ne ya kafa diwani ana rubuta sunayen masu rabo. Kuɗin kuma na jama'a ne, shi ma yana cikin masu biyan haraji. Riƙo da sababi ne, kamar ɗaure raƙumi kafin a dogara. Wanda ke da iyali, ya ƙi karɓar abin da ya halatta a gare shi alhali babu wata gayya a bayansa, zuhudun nasa da cikin ƴaƴansa yake yin sa, kuma bai nemi izininsu ba. Mutanen Amish sun iya juya wa baitulmali baya ne saboda sun riga sun gina wani a tsakaninsu. Duk wanda zai kwaikwayi ƙinsu, to ya fara kwaikwayon gayyarsu.

Akwai ma wani abu mai karya girman kai a nan. Manomin da ya ƙi karɓa, kasuwa ɗaya yake kai madararsa da wanda ya karɓa. Lokacin da sayen cuku da gwamnati ta yi ya taimaka wajen ɗaga farashi, shi ma ya amfana ba tare da ya sa hannu a kan wata takarda ba. Babu wanda arzikinsa bai biyo ta hannun wasu ba. Wanda ya ƙi karɓa sannan ya riƙa kallon maƙwabcinsa a raine, ya tsere wa kwaɗayi ya faɗa jiji da kai, malaman tarbiyya kuwa sun fi jin tsoron na biyun saboda ya fi ɓuya.

To, shi fa wanda asararsa ta warke, amma doka ta ce yana da rabo? A nan ne ake raba halaccin doka da tsantseni. Ya zo a hadisin Ummu Salama cewa Annabi (SAW) ya gargaɗi masu kawo ƙara: wani yana iya fin abokin shari'arsa iya tsara hujja a yanke masa hukunci bisa abin da aka ji, amma idan haƙƙin ɗan'uwansa ne aka ba shi, yankin wuta aka yankar masa. Darasin shi ne hukuncin zahiri ba ya sauya haƙiƙar abu a wurin Allah. Ban ce mai wadatar da ya karɓi tallafi bisa gaskiya ya ci haram ba, ni ƙaramin almajiri ne, fatawa tana da masu ita. Abin da nake cewa shi ne hatimin ofis ya sauke masa tuhumar hukuma, amma bai amsa masa tambayar dalilin da ya sa aka ware kuɗin ba. An ware su ne don toshe ɓarakar da annoba ta yi. Idan ɓarakarsa ta toshe, abin da ya saura a hannunsa ya fi kama da amana.

Amanar wa? Mu leƙa ɗakin tatsa. A manyan gonakin Wiskonsin ba mai gona ke sa hannu a hantsar saniya ba. Ma'aikata ne, da yawansu baƙi daga Meziko da ƙasashen Amurka ta Tsakiya, suna karɓa-karɓa dare da rana. A lokacin kulle an lissafa aikinsu cikin ayyukan da ba za a dakatar ba, suka ci gaba da fita cikin hatsarin cuta. Amma tallafin CFAP na mai madara ne, babu layin da aka tanada don mai tatsa. Dala 1,200 da aka raba wa jama'ar ƙasa a ƙarƙashin dokar agaji ta 27 ga Maris 2020 kuwa sai mai lambar rajista ta hukuma, don haka marasa takardun zama ba su samu ba. Kowane awo da aka biya dala 6.20 a kansa a irin waɗannan gonaki ya biyo ta hannun wani da sunansa ba ya cikin jerin. Doka ba ta tilasta wa mai gona ya raba da shi ba. Amma mai gonar da ya ƙara wa ma'aikatansa lada, ko ya ci gaba da biyan wanda ya kwanta ciwo, ko ya kai cuku wurin rabon cimaka, shi ne ya bi sawun Umar: ya karɓa, abin ya ratsa ta hannunsa ya wuce.

Shehu Ibnu Aɗa'illahi ya yi nuni a cikin Hikam cewa bai kamata murid ya miƙa hannu ga halitta ba sai yana ganin Ubangijinsa ne Mai bayarwa ta hannunsu, kuma ko a lokacin, abin da ilimi ya yarje kaɗai zai ɗauka. Sharuɗɗa biyu ne, kowanne yana tsaron ɗan'uwansa. Wanda ya ga gwamnati ce kaɗai mai bayarwa, ɗayan biyu zai same shi: ko ya zama bawan mai mulki yana yabon wanda ya ba shi, ko ya ɗauki kuɗin a matsayin ganima marar mai ita, ya ce kowa ma ci yake yi. Wanda kuma ya ce ai Allah ne ya ba ni, sannan ya ƙara sifiri a takarda, ya riƙe sharaɗin farko da baki ya yar da na biyu. Manomin da ke zaune shi kaɗai a ɗakinsa da dare yana cike adadin madararsa, babu ma'aikaci a gabansa, a nan muraƙabarsa ke bayyana.

Shi ma mai bayarwa yana da nasa awon. A shekara ta 18 bayan hijira, lokacin fari mai tsanani da ake kira shekarar toka, Sayyidina Umar ya ciyar da waɗanda suka kwararo Madina, ya kuma haramta wa kansa man shanu har sai jama'a sun samu sauƙi, har launin jikinsa ya sauya. Shugaban da ke raba tallafi ya kamata ya tambayi kansa wa ma'auninsa ya bari a waje, kuma ko yana jin yunwar wanda aka bari.

Ba sai mun je Wiskonsin ba kafin wannan jarrabawa ta same mu. Annobar nan ta iso mu a watan Maris na 2020, gwamnati ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin ruwa da wuta na watannin Afrilu da Mayu. Mun kuma san jerin sunaye na rabon cimaka, da hatsin rumbun tsimi da ake sayarwa da rahusa lokacin bazara da farkon damina, mu ɗalibai kuma mun san tallafin karatu. Kowannenmu ya san yadda zuciya ke raɗa wa mutum ya ƙara kai biyu a yawan iyalinsa, ko ya sayi buhun rahusa alhali rumbunsa cike yake, ya kai kasuwa. Buhunan ƙidayayyu ne. Wanda ka ɗauka ba tare da buƙata ba, daga tukunyar wata gwauruwa ya fito, ko da ba za ka taɓa sanin sunanta ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, idan irin wannan rana ta zo maka, ka binciki kanka a wuri uku. Kafin ka karɓa, ka duba abin da ka rubuta: shin za ka iya karanta shi da ƙarfi a gaban maƙwabcin da ya san gidanka? Lokacin da kake karɓa, ka duba inda zuciyarka ta kalla, kuma ka lura ko da an ce babu sunanka za ta iya natsuwa. Bayan ka karɓa, ka nemi wanda ya yi wahala tare da kai amma jerin ya tsallake shi. Idan kana da buƙata ka karɓa ba tare da jin kunya ba, ka yi godiya. Idan ka wadata, ko ka bari kamar Hakimu ba tare da shela ba, ko ka karɓa ka miƙa kamar Umar.

Allah ya azurta mu da halal mai albarka, ya wadatar da zukatanmu kafin hannayenmu, ya kare mu daga cin haƙƙin wanda ba mu gani ba. Allah ya yaye annoba da fari daga bayinsa a ko'ina suke, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki nawa ne, ina neman gafararsa da gyaran malamaina. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.